Iyo, keke da gudu a yini ɗaya: sharuɗɗa ga ɗan Gusau mai niyya

Ƙanena, ka fara sanin nauyin abin da kake cewa za ka shiga. Gasar Ironman, wadda aka soma a Hawai ta Amurka a 1978, iyo ne na kilomita 3.8, a fito a hau keke a yi kilomita 180, a sauka a zuba gudun kilomita 42.2, duka a jere, kuma a yawancin wurare wanda ya haura awa 17 ba a lissafa shi cikin waɗanda suka gama. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ake zuwa dominta, rabinta kuma ta isa Rubabu ta Ruwanda, bakin tafkin Kibu, a 2022. Tsarin atisayen da kake gani a waya an yi shi ne domin masu wurin iyo mai tsabta da titi mai aminci. Kai a Zamfara kake, don haka ga naka sharuɗɗan.

Kada ka fara da babbar. Ka nufi ta Olamfik tukuna: iyo kilomita 1.5, keke 40, gudu 10. Ka je ka gama gudun fanfalaƙi na Legas, wanda ake yi tun 2016, ka ji yadda ƙafa take bayan kilomita 30. Wannan shiri na shekaru ne, kuma abin da za ka ƙara kowane mako kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabata.

Ka je asibiti kafin ka sayi takalmi. A Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, a auna maka jini, a duba zuciya, a yi gwajin sikila. Mai AS yana iya wasa, amma wahala mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa tana da haɗari gare shi, dole likita ya sani. In zazzaɓi ya kama ka, ka kwanta. Masu cewa a fita a yi gumi ya sauka suna jefa zuciyarka cikin hatsari.

Kada ka shiga ruwa kai kaɗai, ko da minti biyar ne. Nan ne na fi jin tsoro a kanka. Wanda ya gaji a keke yana iya tsayawa, mai gudu yana iya zama a gindin bishiya, amma wanda jijiya ta ɗaure wa ƙafa a tsakiyar madatsar ruwa ba shi da wurin dafawa. Kuma wankan rafi da ka yi kana yaro ba shi ne iyon kilomita huɗu ba. Ka nemi wanda ya iya ya koya maka numfashi, a wurin iyo da aka gina, ko da sai ka je Kaduna ko Abuja ka yi kwanaki. In ta kama sai ruwan fili, to da kwalekwale a gefenka da mutumin ruwa a ciki. Sarkawa sun san halin ruwa fiye da kowane bidiyo. Kogin Sakkwato da damina, a kul. Sannan ka tuna da tsargiya: tsutsarta daga katantanwar ruwan kwance take fitowa, ta fata take shiga, ba sai ka sha ba. Duk wanda ya shiga dam ɗin Gusau ko na Bakolori ko wani tafki, ya kai fitsarinsa gwaji, kada ya jira sai ya ga jini.

Kada ka hau keke ka nufi Tsafe don kana neman doguwar hanya. Kowa ya san halin da titin Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa yake ciki saboda 'yan bindiga, kuma ba na so a ji labarinka a rediyo. Hanyar Bunguɗu da gindin dutsen Kwatarkwashi ma sai an tambayi direbobin tasha a ranar, a fita cikin jama'a, rana ta fito sosai, gida sun san inda aka nufa da lokacin dawowa. In an ce ba lafiya, ka zagaya cikin gari sau ashirin, ko ka ɗora keken a kan maƙali ka tuƙa a tsakar gida. Da haɗari gara gundura. Hular kwano dole ce.

Ka mayar da bayan sallar Asuba lokacin gudunka, a cikin gari ko a filin wasa na Sardauna. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. Gudun tsakar rana a lokacin ganganci ne. In kanka ya fara juyawa, ko ka rikice, ko tsigar jiki ta tashi ana tsananin zafi, ka tsaya, ka shiga inuwa, a kwara maka ruwa. Ruwa zalla ba ya isa a doguwar tafiya, yawansa ma yana tsinka gishirin jini, saboda haka ka riƙe haɗin gishiri da sukari. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri ka sassauta.

Kada ka yi doguwar tafiya da azumi a bakinka. Watan Ramadan na riƙe abin da ka samu ne: ɗan motsi kaɗan dab da shan ruwa, mai nauyi kuma bayan Tarawihi.

Kada ka taɓa ƙwaya. Tiramadol yana rufe maka ciwon da ke gaya maka ka tsaya, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a gasa tun farkon 2024. Tuwo, shinkafa da wake, ƙwai, fura da nono sun ishe ka. A aljihun rigar keke ka zuba dabino da ƙuli-ƙuli, ka riƙa ci kaɗan-kaɗan tun yunwa ba ta zo ba.

Sau ɗaya a mako ka sauka daga keke ka shiga gudu nan take, ko na minti 15, don ƙafa ta saba da wannan nauyin. Yini ɗaya kuma hutu, ba keke ba gudu. Saura mako biyu zuwa uku a yi gasa ka rage atisaye ƙwarai, kuma ranar gasar kada ka sa sabon takalmi ko ka ci abin da cikinka bai sani ba.