Amsoshin Tambayoyinku: Kashi ɗaya ya isa a yanke wa katun ɗin mutum-mutumi hukunci?

Tambaya: Ƙanena da ke karatu a Rano ya sa mai tura fina-finai ya zuba mini wani katun ɗin Japan a memori, na manya-manyan mutum-mutumi masu yaƙi a sararin samaniya. Na kalli kashi na farko ban gane kansa ba: sunaye barkatai, harbe-harbe, ga yaro sai kuka. In goge ko in ci gaba? Ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Daga wani mai karatu a Kibiya.

Amsa: Malam, dakata tukuna. Ba ka faɗa mini sunan katun ɗin ba, amma daga bayaninka irin wanda ake kira mecha ne, wato ƙaton mutum-mutumi da ɗan Adam ke shiga cikinsa ya tuƙa. Go Nagai ne ya fito da salon fili da Mazinger Z a 1972. Voltron ma da manyanmu suka kalla a NTA danginsu ne, asalinsa na Japan ne, Amurkawa suka yi masa kwaskwarima a 1984.

Ruɗewar da ka yi da gangan aka shirya ta. Ɗauki Mobile Suit Gundam na Yoshiyuki Tomino, da aka fara nunawa ranar 7 ga Afrilu, 1979. Ana buɗewa sai a ce maka rabin mutanen duniya sun halaka a yaƙi, ba wani dogon bayani. Abokan gaba suka faɗo garin su Amuro, yaro ɗan shekara 15. Ya tsinci littafin da ke koyar da sarrafa na'urar Gundam, ya haye cikinta, yana buɗe shafi yana laluben maɓalli, jikinsa na rawa. So ake ka ji abin da yaron ke ji, shi ma bai san waye waye ba.

Nan kuma karin maganarka ta ci karo da tarihi. Gundam bai samu 'yan kallo ba da farko, har aka datse shi daga kashi 52 zuwa 43. Sai da aka maimaita nuna shi, kamfanin Bandai kuma ya fara sayar da ƙananan samfurinsa na roba a 1980, sannan kasuwarsa ta buɗe. Har yau ana fitar da sababbi.

Masu bin wannan harka suna da al'adar ba kowane sabon shiri kashi uku kafin su yi magana. Ni ma ita nake bi, sai dai ba ƙarar bindiga nake aunawa ba, don kowa ya iya ta. Matuƙin nake kallo: me ya sa ya shiga, wa ya tura shi? A Neon Genesis Evangelion na 1995, uba ne ya kira ɗansa Shinji, bayan shekaru da watsar da shi, ya ce ya hau mutum-mutumin. Yaron ya ƙi, sai da ya ga an turo wata yarinya a gadon asibiti, duk bandeji, za a sa ta a madadinsa. Kashi na farko ya ƙare ba a kai naushi ko ɗaya da na'urarsa ba. In naka ya kai kashi na uku ba ka damu da matuƙin ba, goge shi, ba asara.

Abu ɗaya: kada sunan katun ya sa ka miƙa wa ƙananan yara wayar. Da yawansu akwai jini da mace-mace, wasu har da shigar da ba ta dace ba, Evangelion na cikinsu. Fara kallo kai kaɗai.