Yadda Ake Shirya Katin Barka da Salla da Hatimi

Gaisuwar salla hakki ce tsakanin shugaba da mabiyansa. A ƙasar Gwarzo da Kabo, tun daga Getso da Kutama har zuwa Garo, akwai dagatai da masu unguwa da limamai da yawa, hakimi kuwa ba ya iya kai wa kowa ziyara. Takardar gaisuwa ita ce wakiliyarsa. Idan ta makara, ko ta tsallake wani, sai a ɗauka raini ne. Saboda haka ya kamata magatakarda ya san yadda zai shirya kati 100 da hannunsa ba tare da zuwa maɗaba'a ba.

A Landan aka buga katin gaisuwar Kirsimeti na farko don sayarwa, cikin 1843, bisa umarnin Henry Cole. Guda 1,000 aka buga, kana aka bi su da launi da hannu. Danna zane da hatimi kuwa ba baƙon abu ba ne a Afirka ta Yamma. Masu yin tufafin adinkira a Ntonso, kusa da Kumasi, da sakaina suke sassaƙa nasu, dukawan Kano kuma da ƙarfe suke danna ado a fata.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce: kada a tsaya gama kati ɗaya kafin a taɓa wani. A yi wa dukansu aiki iri ɗaya, sa'an nan a wuce gaba. Ta haka hannu ke sabawa, kati kuma su fito bai ɗaya.

Na farko, sassaƙa. A zana dagi ko jinjirin wata a kan guntun roba ko sakaina, a ƙwaƙule gefensa da aska. Idan da rubutu, boko ko ajami, tilas a sassaƙa shi a juye, domin hatimi yakan juya abin da ke kansa.

Na biyu, bugu. Takarda mai girman A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. A ja mata layi da rula, gida-gida, kowane gida 5 da 7, za a sami gida 16. Watau takarda 7 za su ba da zane 112, rarar 12 ta maye gurbin waɗanda suka ɓaci. A dangwala hatimi a tsumma mai tawada, a danna sau ɗaya, a ɗaga tsaye.

Na uku, yanka. Sai tawada ta bushe sarai, gama garaje shi ke dame zane. A ɗora rula a kan layi, a bi da reza.

Na huɗu, liƙi. A raba takarda mai kauri guda 50 biyu-biyu, a ninke kowane rabi, an sami kati 100. A liƙa zane da jiƙaƙƙen ƙaro, a danne da littafi su kwana. Sunaye kuwa daga rajista za a kwafe su, ana yi wa kowanne alama.

Abin lura: hatimin ado daban, hatimin ofis daban. Kada a buga hatimin hakimi a farar takarda a ajiye, domin in ta faɗa hannun macuci zai rubuta abin da ya so a kanta, laifi kuwa ya hau kan magatakarda.

A fara aikin nan tun 20 ga watan azumi. In an gama, a wanke hatimi a adana, gama tsakanin Ƙaramar Salla da Babba kwana 70 ne ko kusa da haka.