Cikin Maciji Ba Ya Son Gaggawa: Jan Hankali Ga Gardawa

Jama'a, a ƙasarmu ba a cika kiwon maciji don sha'awa ba kamar yadda wasu ke yi a Ingila da Amurka. Mai ajiye maciji a nan gardi ne, wanda ke zagaya kasuwannin mako irin na Ɗambatta da Bichi da akwatinsa, yana wasa, yana tallan magani. Da shi muke, da maƙwabtansa kuma, tunda a yankin nan gida na jikin gida, gona na jikin gona.

Ku sani, jikin maciji ba ya yin ɗumi da kansa. Daga rana da ƙasa yake samu, kuma da wannan ɗumin ne cikinsa ke narkar da abinci. A Disamba da Janairu, sa'ad da sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 15, in aka ɗura wa gamsheƙa kwaɗo aka bar akwatinta a kan daɓe mai sanyi, abincin zai ruɓe kafin ya narke. Bayan kwana 2 ko 3 ka buɗe, ka tarar ta amayo shi a kumbure, duk yauƙi, wari ya cika ɗaki. Sai mai ita ya ce abokan sana'a ne suka yi masa sammu. Ina! Hunturu ne. A irin wannan lokaci a rage ciyarwa, a shimfiɗa buhu, a riƙa kai akwatin hantsi, amma kada a bar shi rana ta take, don zafi ma kashe su yake.

Babban kuskuren kuwa shi ne a ciyar yau, gobe a fita kasuwa. Macijin da ya haɗiyi abinci kwanciya yake so, aƙalla kwana 2, mesa ma ta fi haka nesa. In ka ɗaga shi, ka naɗa a wuya, ga ganga ga ihun yara, zai amayar don ya ji sauƙin gudu. A ciyar da shi bayan an dawo daga cin kasuwa. Wanda ya yi amai kuma a bar shi da ruwa kaɗai kamar mako 2, sannan a gwada masa ƙaramin abu. Ko da lafiyarsa lau, kada abincin ya fi tsakiyar jikinsa kauri.

Ɓeran rumbu abinci ne mai kyau, to amma wane ɓera? Wanda aka tsinta yana tangaɗi a bakin katanga, wataƙila shinkafar ɓera ya ci a gidan maƙwabci, gubar kuwa za ta bi shi har cikin macijin. Mai rai ma kada a bar shi ya kwana a akwati, yakan gaigaye macijin da ba ya jin yunwa.

Ba kowane ƙin ci ne ciwo ba. In idonsa ya yi hazo, saɓa zai yi, a ƙyale shi. In kuwa kashi ya daɗe bai fito ba, bayan cikin ya yi tauri, yawanci ƙishirwa ce. A tsoma shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi na minti 15.

Saura maganar cire wa maciji haƙori. Bakin yakan kumbura, ya tara mugunya, maciji ya daina ci, ya rame har ƙashin bayansa ya fito. Wannan sai likitan dabbobi, ba toka da manja ba. Kuma haƙorin sake tsirowa yake yi, abin da ’yan kallo na sahun gaba ba su sani ba. Wanda maciji ya sara, a garzaya da shi asibiti, ba tsaga, ba ɗaurin tamau.

Kashin maciji na ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa yara zawo da zazzaɓi. A wanke hannu da sabulu bayan sharar akwati, a binne kashin nesa da rijiya da madafa.