Kwamfutar kanti ko wadda aka haɗa maka: wacce za ta daɗe?

Duk wanda ya shiga neman kwamfutar tebur, a titin Beirut na Kano ne ko a Banex ta Abuja ko a Computer Village da ke Ikeja, kaya iri uku zai tarar. Akwai sabuwa fil mai araha, akwatinta da gilashi da fitilu masu launi, an riga an haɗa ta ana jiran mai saye. Akwai ta hannu, wato tsofaffin kwamfutocin ofisoshin Turai da Amurka irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre. Sai ta uku, wadda za ka zaɓi kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya injiniya ya haɗa maka. Ma'aunina a kan ukun nan ɗaya ne: ranar da wani abu ya mutu a ciki, ko aikinka ya fi ƙarfinta, za a iya canza wannan abin kaɗai, ko kuwa sai an jefar da ita gaba ɗaya?

Sabuwa mai arahar nan ita na fi tsoro. Mai haɗa ta ya san abin da idon mai saye ke nema, sunan furosesa da ƙyalƙyalin akwati, don haka sai ya rage kuɗi a inda ba a dubawa. Wurin da aka fi yin haka shi ne fawa-fak, akwatin ƙarfen da ke raba wa sauran kayan wuta. A ƙasar da ake ɗauke wuta a dawo da ita da ƙarfi, ga janareta yana hawa yana sauka, fawa-fak marar suna haɗari ne, domin idan ya ƙone yakan tafi da madabod da ma'ajiyar bayananka. Ka sa a buɗe akwatin a gabanka. Ka karanta takardar da ke manne a jikin fawa-fak ɗin, ka ga sunan kamfani irin su Corsair ko Seasonic ko Cooler Master, ka nemi tambarin 80 Plus. Idan har ya shigo hannunka ka ji shi sakayau kamar gwangwanin da ba komai a ciki, ka ajiye. Ka kuma leƙa RAM. Sau da yawa sanda ɗaya suke sakawa, alhali sanda biyu masu 8GB sun fi sanda ɗaya mai 16GB gudu, musamman a kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban.

Ta hannun ofis kuwa ina ganin mutuncinta ƙwarai. An ƙera ta ne don ta yini tana aiki shekara da shekaru, ba ta cin wuta sosai, abin da mai sola ko inbata zai ji daɗinsa. Ga mai shagon buga takardu, ko makarantar da ke koya wa yara jarrabawar JAMB ta kwamfuta, ko mai lissafin kanti, da wuya a samu abin da ya fi ta riba. Matsalarta ita ce da yawansu kamfani ya ɗinka su ne da nasa awon. Kwamfutar da aka haɗa da kayan gama-gari tana karɓar wuta ta soket mai ƙafa 24, wanda kowane fawa-fak na kasuwa ke shiga. Da yawa daga cikin OptiPlex da EliteDesk kuwa nasu soket ɗin daban ne, fawa-fak ɗin ƙarami ne, sau da yawa bai kai wat 300 ba, siririn akwatin kuma ba ya ɗaukar babban katin hoto. RAM da SSD za ka iya ƙara mata, daga nan ƙofa ta kusa rufewa.

Kada kuma "Core i7" da aka liƙa a gaba ta ruɗe ka. Lambar da ke bayan sunan ita ke faɗin shekarunsa. i7-3770 zubi na 3 ne, tun 2012 ya fito, kuma i3-12100 na 2022 ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Wannan ya ƙara muhimmanci yanzu, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, in ban da ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa a hukumance tana son Intel zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 na AMD zuwa sama, tare da TPM 2.0. Masu gyara suna da dabarar tura ta a kan tsofaffi, amma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko musu da gyare-gyaren tsaro ba. Saboda haka in ta hannu za ka saya, irin i5-8500 ta zama mafi ƙanƙantar abin da za ka yarda da shi.

Wanda ke tace bidiyo, ko zanen gine-gine da AutoCAD, ko wasannin kwamfuta masu nauyi, shi haɗi ya kamata ya yi, ko da kuɗin farko zai fi zafi. Ga abin da ya sa. AMD ta fito da soket ɗin furosesa na AM4 a 2016, kuma mutane da yawa da suka sayi madabod da Ryzen na farko a 2017 sun ɗora masa Ryzen 5000 na 2020 bayan sabunta BIOS kawai, ba su taɓa akwati ko RAM ko fawa-fak ba. Intel ta fi yawan canza soket, don haka ka tambayi injiniya wane furosesa na gaba ne madabod ɗin zai iya ɗauka. Ka sani kuma DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, kuma AM5 da ta fito a 2022 DDR5 kaɗai take karɓa.

Haɗi ma yana da nasa ramukan. Garanti ba ɗaya ba ne, kowane kaya da nasa, don haka ka adana rasit da kwalaye. Kada ka riƙa saye da guntu-guntu wata bayan wata, domin ba za ka gane lalataccen kaya ba sai ranar haɗawa, lokacin mai shago ya daɗe da wanke hannunsa. Tara kuɗin, ka saye su a mako ɗaya. Katin hoto na hannu kuma ka yi hattara da shi: bayan kuɗin kirifto na Ethereum ya bar tsarin haƙa da katunan hoto a Satumbar 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwa. A kunna shi da aiki mai nauyi na aƙalla rabin awa a gabanka, ka saurari fankarsa, ka lura ko hoto yana tsinkewa.

Kowacce ka zaɓa, ka ware kuɗin UPS tun a lissafin farko, ka sa Windows a kan SSD, kuma bayan ƙurar hunturu a buɗe a hure ta kafin zafin Maris da Afrilu ya shigo. Kafin ka biya kuɗin ta hannu, sa a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, za ta nuna maka lafiyar ma'ajiyar da yawan awoyin da ta riga ta yi tana aiki.