Tsayuwar Mota Ba Zuwa Gari Ba Ce

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini ka samu gurbi a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma tafiya Yamai ta matso. Allah Ya sa albarka, Ya ba da abin da aka je nema. Zancen karatu da zaman babban birni malamanka sun yi maka, sun kuma fi ni saninsa. Abin da zan ja kunnenka a kai ƙarami ne, don haka ba a cika tunawa da shi ba: 'yan mintocin nan da mota take tsayawa a tashoshin hanya, a ce kowa ya sauka ya miƙe ƙafa. A nan ne sabon matafiyi ya fi yin asara, ta kuɗi, ta kaya, wani lokacin har da motar kanta.

Hanyar doguwa ce. Daga Tsauni za ka bi ta Matamaye da Kance ka hau babbar kwalta a Takeita, ko ka kwana Damagaram ka shiga motar asuba. Daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 890 ne. Manyan motocin kamfani, irin su Rimbo da STM, kan tashi tun da duhu don su isa a yini guda. Za ku ratsa Tasawa, Gazawa, Cadawa, Maraɗi, Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, sannan Yamai. Garuruwan nan duk ka sha jin sunansu, ranka kuma zai so ya gan su. Amma direba da agogo yake tafiya. Wani wuri zai tsaya ne kawai a sauke mutum biyu a ɗauki uku, wani wuri ya ba da lokacin salla da abinci. Ko ina ya tsaya, hankalinsa yana kan sauran tafiyar da ke gabansa.

Saboda haka ka sa wannan a ranka tun daga gida: idan ka sauka a tashar Maraɗi, ba ka zo Maraɗi ba. Ƙafarka ce a ƙasa, amma kai ɗan cikin mota ne. Kamar dokin da ke turke, iyakar kiwonka iyakar igiyarka, igiyar kuwa ita ce inda idonka ke hango motar, kunnenka ke jin hon ɗinta. Duk abin da ya wuce nan, komai kyansa, ba rabonka ba ne a ranar.

Kafin ka taka ƙasa, tambayi direba ko yaron motarsa minti nawa za a yi. Kada ka ɗauki amsa daga bakin fasinja, don shi ma zato yake yi. Abin da aka faɗa maka ka raba shi biyu: rabi na bukatarka, rabi na dawowa da zama. Sannan ka zagaya ka karanta lambar motar, ka riƙe ta a kai ko ka ɗauke ta a wayarka. Wannan ya fi muhimmanci a Ƙonni, inda motocin Tawa da na Agadas ke haɗuwa da na gabas. Za ka ga motoci na kamfani ɗaya, launi ɗaya, rubutu ɗaya, a jere, wata ta nufi Yamai, wata ta nufi inda ka fito. Mutum ya dawo da ledar nama a hannu, ya shiga wadda ta fi kusa, sai an yi nisa ya lura fuskokin ba na ɗazu ba ne. Tikitinka da katin ɗan ƙasa da waya da kuɗi su zauna a jikinka. Kada ka bar su cikin jaka a kan kujera, domin ranar da mota ta bar mutum, abin da ke aljihunsa kaɗai ne nasa.

Kada ka zaci wannan matsalar talaka ce mai tafiyar ƙasa. Akwai manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido, masu ɗaukar dubban mutane, da ke bin gaɓar teku suna tsayawa a kowace tasha 'yan awoyi, mutane su sauka su ga gari, su yi sayayya, su koma kafin lokacin da aka yanka. A ƙarshen watan Maris na 2024, wani irin wannan jirgi mai suna Norwegian Dawn ya tsaya a tsibirin Sao Tome. Mutum takwas, Amurkawa shida da 'yan Ostireliya biyu, suka tafi zagayen tsibirin da wani ɗan jagora da suka ɗauka da kansu. An ce kowa ya dawo ƙarfe uku na rana, suka makara fiye da awa guda. Jirgin ya tafi ya bar su, kayansu na ciki. Suka bi shi ta sama da ta ƙasa har Banjul ta Gambiya, can ma jirgin bai samu tsayawa ba, sai a Dakar suka cim masa bayan kusan mako guda. Su masu hali ne, da ofisoshin jakadanci a bayansu, amma sun ji jiki. Kai kuma guzurinka jikka kaɗan ne da uwarka ta tara da sayar da ƙuli-ƙuli da ɗan akuyarta.

Abin da ya ci waɗancan shi ne nisa, kuma shi ke cin namu. Da ka fito ƙofar tasha 'yan kabu-kabu da masu adaidaita za su yi maka caa: kasuwa nan kusa ce, yanzu za mu je mu dawo. Mai babur bai yi maka ƙarya da gangan ba, a ganinsa kusa ne. Sai dai bai lissafa cunkoso ba, bai lissafa cinikin da za ka tsaya yi ba, bai lissafa tayar da za ta iya sacewa ba, kuma in mota ta tashi shi bai rasa komai ba. Baƙo ko da ido makaho ne. Na san muna da 'yan uwa a Maraɗi, kuma za ka ji nauyin wucewa ba ka gaishe su ba. Kira su tun kuna Cadawa, wanda ya samu dama ya zo tasha ku gaisa a gindin mota. Wanda bai samu ba, zumunci bai yanke ba, ka ware musu kwana biyu a hutun ƙarshen shekara ka je musu takanas.

In an tsaya, ga abin da za ka gabatar: kewayawa, alwala, salla. Ciniki shi ne na ƙarshe. Mutane da yawa suna juya wannan tsari, su ruga wurin mai nama, sai an fara hon su tuna ba su yi salla ba, su yi ta a guje ko su tsayar da mota cike da mutane. Addini ya sauƙaƙa wa matafiyi. Tafiya irin wannan ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, don haka Azahar da La'asar da Isha'i raka'a biyu-biyu ne, akwai kuma rangwamen haɗa salloli biyu. Je wurin limaminmu kafin ka tashi ya warware maka hukuncin dalla-dalla. Ka kuma lura, yamma kuka nufa: rana na faɗuwa a Yamai kusan rabin awa bayan ta faɗi a Damagaram, ko da yake agogon ɗaya ne. In kun kai Dosso, da kiran sallar garin za ka yi aiki, ba da lokacin masallacin Tsauni da ka saba ba.

Cikinka kuma ka tausaya masa. Ci abin da ka ga an sauke daga wuta a gabanka, da zafinsa. Nono da fura da aka dama tun safe, da ganyen da ba a dafa ba, ka bar su sai ka isa. Mota ba ta tsayawa a daji don cikin mutum ɗaya ya murɗa, in ma ta tsaya, kunyar ta ishe ka.

Yanzu sayayya, wadda na san ita ce ranka ya fi so. Ba zan ce kada ka saya ba. Mai masaukinka a Yamai zai ji daɗin ganin ka shigo da wani abu a hannu, kuma hanyar nan cike take da albarka. Shawarata ita ce a kowane gari ka nemi abin da aka san garin da shi, domin shi ne ba a iya yi maka algus a kansa cikin sauƙi, kuma shi ne masu sayarwa suka yi yawa har farashi ya daidaita. Tasawa kilishi. Kafin a naɗe maka, ka ce a gutsura maka ka ɗanɗana, kuma a naɗe wanda ka nuna, a gabanka. Maraɗi gyaɗa da abin da ake yi da ita. Madawa tabarmin kaba, kuma ɗalibi na bukatar tabarma fiye da yadda yake zato, ta salla, ta zama, ta kwana in zafin Yamai ya kore shi daga ɗaki. Galmi albasa, jar nan da sunanta ya kai Abijan da Akara. Za ka ga buhuna jibge a bakin hanya, arahar ta ruɗe ka. Sayi ɗan ƙulli na uwar gida, kada ka ɗauki buhu, don sai ka biya kuɗin kaya, a Yamai kuma ka biya mai ɗauka, arahar ta tashi a banza. Dogon Dutsi dankalin Turawa, in lokacinsa ne, wato ƙarshen sanyi. Bayan Dosso, wajen Kure, ba abin saye, sai na kallo: a nan ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke, waɗanda a 1996 ba su kai 50 ba, yanzu kuwa sun kai ɗaruruwa. In ka yi sa'a da sauran haske, za ka hango su ta taga.

Akwai abin da ba a saye a tsayuwar minti goma. Waya, caja, agogo, duk abin da sai an gwada kwana biyu ake sanin lafiyarsa. A Ƙonni, da yake Illela na nan kusa, kayan Najeriya sun cika gari, farashinsu kuma mai daɗi. Wasu na ƙwarai ne. Amma in ka tarar da aibi a Yamai, tsakaninka da mai kayan fiye da kilomita 400, ba ka san sunansa ba, ba ka san rumfarsa ba. Haka maganin da ake talla a tasha ko a cikin mota, wanda ake cewa ƙwaya ɗaya na maganin cuta goma. Haka canjin kuɗi a tsaye, mutum na ƙirga maka ana yi maka hon. Kuɗin rajista da na haya kuwa kada ma su bi ka a aljihu. A tura maka ta Nita ko Amana ka karɓa in ka isa.

Mai sayarwa a tasha ya san abu ɗaya game da kai: kana sauri, kuma da wuya ka dawo. Don haka farashin farko yakan ɗara na kasuwa. Taya shi cikin fara'a, sau ɗaya ko biyu. In ya ce albarka, ka ga abin ya yi maka, ƙara kaɗan ka ɗauka, in bai yi ba ka yi godiya ka wuce. Ni dai a ganina, dala goma da za ka yi ta ja-in-ja a kanta ba ta kai darajar natsuwarka ba. Tanadi ƙananan kuɗi tun daga Matamaye, dala ashirin-ashirin, hamsin-hamsin, ɗari-ɗari, a aljihu dabam. Wanda ya zaro takardar jikka goma don ya sayi ruwan leda ya nuna wa tasha duka inda kuɗinsa yake, kuma zai tsaya jiran canjin da aka tafi nema.

Zancen canji ya kawo ni inda na fi so ka saurara. Kowa na gargaɗin matafiyi kada a cuce shi, ba a cika gaya masa kada shi ya yi cuta ba. Yaran nan da ke rugowa da tire a ka, suna miƙa dafaffen ƙwai da gyaɗa da ayaba ta taga, su ne suka fi kowa asara a tsayuwar mota. Fasinja ya karɓi kaya, ya tsaya lalube a aljihu, mota ta ja, yarinya ta bi ta da gudu a gefen kwalta tana kira, har ta gaji ta tsaya. Wani da gangan yake yi, wani sakaci ne, amma ita duk ɗaya ne a wurinta: za ta koma gida kuɗin talla bai cika ba, ka kuma san abin da ke jiranta. Kai ɗan ƙasar rake ne. Ka ga ƙannenka da 'ya'yan maƙwabta suna tallarsa a bakin hanyar Matamaye, ka san yawan sandar da ake sayarwa kafin a haɗa jikka guda. In za ka saya ta taga, kuɗin ya riga kayan fita daga hannunka, kuma ya zama daidai, ba mai neman canji ba. In ka ji injin ya tashi ba ku gama ba, mayar mata da kayanta. In kuma ƙaddara ta sa kuka rabu da haƙƙinta a hannunka, ba yaron motar, kullum yana bin hanyar, ka kwatanta masa ita. Haƙƙin dala ashirin ma haƙƙi ne, kuma mai shi ba ka san inda za ka sake ganinta ka nemi gafara ba.

Tsarabar da ta fi duk waɗannan, in ka tambaye ni, ta gida ce. Mutanenmu da ke Yamai sun fi marmarin raken nan namu da yajin da uwarka ta daka a kan duk abin da za ka tsinta a hanya. In ka ɗauko daga Tsauni, ka rage wa kanka rabin zirga-zirgar tasha.

Da ka zauna a kujerarka da asuba, gaida wanda ke gefenka, ka san fuskarsa, ku yi alkawarin kula da juna. In tsohuwa ce ko mai goyo, tambaye ta abin da take so ka sayo mata, ka riƙe mata buta, ka bar ta ta riga ka hawa. Kuma duk tashar da ka ga direba ya kama sitiyari alhali kujerar kusa da kai ba kowa, kada kunyar baƙunta ta rufe maka baki. Ɗaga murya ka ce akwai saura, a jira shi.