Ciki Mai Yawan Murɗa

Akwai ciwon ciki mai zuwa ya tafi. Yau kumburi, gobe zawo, jibi bayan gida ya ƙi fita.

Sau da yawa abinci ne ke tayar da shi: wake, albasa, madara, alkama, mangwaro.

Da shawarar likita, mu bar waɗannan mako 4. Mu ci shinkafa, ƙwai da kifi. In ciki ya lafa, mu komo da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne kwana 3. Kada mu gwada ƙosai da madara rana guda, don ba za mu gane mai laifin ba. Wanda bai dame mu ba, mu ci abinmu.

In mun ga jini a bayan gida, ko muna ramewa, sai asibiti maza.