Amsoshin Tambayoyinku: Wasan Transformers a Kan Kaset

Tambaya: Ɗana ba shi da magana sai ta Transformers, motocin nan da ke rikiɗewa su zama mutum-mutumi. Wani abokin aikina da ya yi karatu a Ingila ya ce tun shekarun 1980 suke buga wasan harbi na Transformers a kwamfuta, kuma wai a kaset yake zuwa. Shin haka ne? Ta yaya kaset zai ɗauki wasa?

Amsa: Malam, abokin aikinka gaskiya ya faɗa maka. Amma bari mu faro daga tushe, domin mutane da yawa suna zaton fim ne ya haifi Transformers. A'a, kayan wasan yara ne. Kamfanin Takara na Japan ne ya fara ƙera su da sunayen Diaclone da Micro Change. A 1984 kamfanin Hasbro na Amurka ya haɗa su wuri guda, ya raɗa musu suna Transformers, ya raba su gida biyu: Autobots na kirki ƙarƙashin Optimus Prime, da Decepticons na mugunta ƙarƙashin Megatron. Katun ɗin talabijin da aka fara a shekarar, aikinsa shi ne ya sa yara su matsa wa iyaye a saya musu.

A daidai lokacin ƙananan kwamfutoci suka cika gidaje a Turai, musamman Commodore 64 da ZX Spectrum, waɗanda duk suka fito a 1982. Ba su da allo nasu, da talabijin ɗin gida ake haɗa su. Wasa ɗaya da ya dace da bayanin abokinka shi ne The Transformers, wanda Denton Designs na Liverpool suka rubuta, kamfanin Ocean na Manchester ya fitar a tsakiyar shekarun 1980. Ana ba ka Autobots biyar, wato Optimus Prime da Jazz da Hound da Mirage da Bumblebee, ka shiga nemo gutsattsarin Energon, wato makamashinsu, guda huɗu, Decepticons kuma suna yi maka ruwan wuta. Kana iya takawa, ka tashi sama, ko ka rikiɗe ka zama mota.

Akwai na biyu, Battle to Save the Earth, wanda Activision ta fitar a 1986 don Commodore 64. David Crane ne ya tsara shi, mutumin da ya yi fitaccen wasan nan Pitfall. A nan taswira ake shimfiɗa maka, ka tura mayaƙanka wuraren da abokan gaba ke satar makamashi, sannan ka koma kallo ta idon ɗayansu, ka saita, ka harba. Ni dai na fi ganin hikimar wannan. Crane ya ba yaro abin da abin wasan ba zai ba shi ba: shugabancin runduna, da fargabar cewa yayin da kake tsare wuri ɗaya ana wawashe wani.

Yanzu batun kaset. Kaset ɗin nan ne dai da aka sani na waƙa da wa'azi, ba wani na daban ba. Kwamfuta sifili da ɗaya kawai ta sani, don haka ake mayar da su sauti: gajeren ƙara yana nufin ɗaya daga ciki, mai ɗan tsawo yana nufin ɗayan. Idan ka saka kaset ɗin a rikoda, tsuwa mai huda kunne za ka ji. Mai Spectrum zai jona rikodarsa da kwamfutar, ya rubuta umarnin lodi, ya danna, sai layuka masu launi su fara rawa a gefen talabijin. Zai zauna jira kusan minti biyar. In ƙarar ta yi ƙasa, ko kan rikodar ya yi datti ko ya ɗan karkace, sai a ƙarshe saƙon kuskure ya fito, a maido da kaset baya a sake daga farko. Shi ya sa yara da yawa suka ƙware wajen murɗa 'yar ƙusar da ke daidaita kan rikoda da siririyar sukurdireba.

Ka kuma duba ƙuncin wurin da aka yi aikin. Commodore 64 kilobayit 64 ke gare ta, Spectrum da aka fi saya kuwa 48. Hoto guda da ka ɗauka da wayarka yau ya ninka wannan sau da yawa. A cikin wannan ɗan wuri aka cusa zane da kiɗa da dokokin wasa gaba ɗaya, kuma wannan ya isa a girmama waɗanda suka yi shi, ko da wasan Ocean ɗin yana da wuyar sarrafawa.

In kana son ɗanka ya gani da idonsa, ba sai ka nemi tsohon inji ba. Akwai manhajojin kyauta da ke kwaikwayon waɗannan kwamfutoci: VICE don Commodore 64, Fuse don Spectrum. Ka zauna tare da shi a karon farko, domin wasannin wancan zamani ba sa koya wa mutum maɓallai, kuma yaron da ya saba da wasannin waya zai iya yin zuciya ya ajiye tun bai gano yadda ake rikiɗa ba.